Aikin Acca da Kujerar 'Yar Tsana

A kudancin Kaduna ba a gane gwanar gyaran hatsi da masara. Masara ƙwayarta manya ce, in tsakuwa ta faɗa ciki yaro ma zai tsince ta. Acca ce mai tona asiri. Ƙwayarta 1,000 ba ta kai nauyin giram ɗaya ba, kuma ita da yashin da ke shigarta a masussuka kusan kansu ɗaya. Sai an surfa ta a turmi, an bakace, an sake surfawa, sannan a zauna da ƙwarya biyu da ruwa a yi ta regewa. Ana karkata ƙwarya a hankali, acca na gangarawa cikin ɗayar, yashi na kwanciya a gindi. A zubar, a sake. Uwa ta sa yatsu ta murza, ta dubi 'yarta ta ce, "Ke, da saura. Ƙaro ruwa." Ta san ƙwayar yashi guda ta isa ta tsayar da mai cin tuwo a tsakiyar loma, kuma daga nan komai daɗin miya da ɗar-ɗar zai ƙarasa cin.

Duk wanda ya san wannan wahala a Madakiya ko Kagoro ko Zonkwa ya riga ya fahimci wata sana'a da ba a cika jin labarinta a wajenmu ba: ƙera ƙananan kayan ɗaki irin na dā, waɗanda ake jerawa a gidan 'yar tsana. Kujera da gado da kabad ne na katakon gaske, da ƙofa mai buɗuwa da durowa mai janyuwa, amma duk su zauna a tafin hannu. Mai gani da farko yakan ɗauka wasa ne. Da za a kai irinta kasuwar Kafanchan a faɗi kuɗinta, na san abin da za a ji: "Haba Oga, wannan ɗan mitsitsin abin? Ai katakon bai kai na hura wuta ba." Mai wannan magana da katako yake awo. Amma shi da kansa ba ya mamaki in mudun gyararriyar acca ya fi na masara tsada, don ya san kuɗin aiki yake biya.

Ma'aunin da masu sana'ar suka fi bi shi ne inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, wato a rage komai sau 12. Tebur mai tsayin inci 30 ya dawo inci 2 da rabi. Falankin da kaurinsa inci ɗaya ne ya dawo kusan milimita 2. To, a nan gizo ke saƙa, domin kaya sun ragu amma kuskure bai ragu ba. In zarto ya kauce da milimita ɗaya a ƙafar babbar kujera, ba wanda zai lura har ta tsufa. A ƙaramar kuwa, milimita ɗayan nan daidai take da kusan rabin inci, sai ka ga kujera ta tsaya a karkace. Ɗigon gam da kafinta zai share da ɗan yatsa ya wuce, a nan dunƙule ne a fili, kuma wurin da ya shafa ba ya shan launi, sai ya bar farin tabo. Shi ne yashin wannan aiki: ƙanƙaninsa daidai da na kayan, ba ya fita sai da haƙuri, in kuma ya saura shi ido zai fara gani.

Akwai abubuwan da ba sa yarda a rage su ko kaɗan. Jijiyar katako ɗaya ce daga cikinsu. Maɗaci yana da kyau a babbar ƙofa, amma a fuskar tebur mai faɗin yatsu uku ƙofofin jikinsa sai su fito kamar ramuka. Shi ya sa masu aikin ke neman itace mai tauri mai sulɓin jiki, kuma muna da irinsa: kanya, gwaiba, lemo. Haka ma yadi. Fure ɗaya na atamfa ya isa ya rufe gadon 'yar tsana baki ɗaya, kuma yadin ba zai sauka a gefen gado ba, sai ya miƙe ƙiƙam. Dole a nemo siririn yadi da ya sha wanki ya yi laushi.

Sai kuma nuna tsufan kayan, wanda a ganina shi ne gwanintar gaske. Kujerar da aka daɗe ana zama a kai ba ko'ina take goguwa ba. Inda hannu ke dafawa yana sheƙi, sandar da ake ɗora ƙafa ta ɗan lotsa a tsakiya, lungun da tsumma ba ya kai wa ya yi duhu. Mai ƙera ƙaramar dole ya san yadda mutane ke zama kafin ya ɗauki samfefa, ya goge nan ya bar can. In ya goge ko'ina daidai, kujera ta zama sabuwa da aka wulaƙanta.

Turawa sun daɗe da ba wannan aiki girma. A fadar Windsor ta Ingila akwai gidan 'yar tsana da aka yi wa Sarauniya Mary tsakanin 1921 da 1924. Edwin Lutyens, wanda ya tsara manyan gine-ginen New Delhi, shi ya zana shi a kan ma'aunin nan na sau 12, da wutar lantarki da famfo mai zubar da ruwa da ƙananan littattafai da marubutan zamanin suka rubuta da hannunsu. A Chicago ta Amurka kuma akwai ɗakuna 68 da Narcissa Thorne ta sa aka ƙera, galibi a shekarun 1930, lokacin da karyewar tattalin arziki ta bar gwanayen masu aikin hannu ba aiki. Yau mutum zai leƙa ta gilashi ya ga yadda falon Faransa ko ɗakin girkin Amurka yake shekaru ɗaruruwa baya. Abin da ya fi jan hankalina ke nan. Kayan asali da yawa sun karye, an sayar, an ƙona, amma ƙananan sun riƙe siffarsu.

Mu ma hannun ba baƙonmu ba ne. A ƙasar Jaba, maƙwabtanmu, aka fara tono sassaken yumɓu na Nok a 1928 wajen haƙar kuza, kuma cikin abin da aka samu daga baya har da 'yan ƙanana da aka yi wa kitso da tsakiya dalla-dalla, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ba ma sai an je nesa haka ba. Da kaka, in an girbe dawa, yara kan zauna da kara da reza. A ɓare bayan karan a tsaga shi siri-siri, a yanka totuwar gunduwa-gunduwa, a riƙa soka tsagin cikin totuwa. Ba ƙusa, ba gam, sai ga gado mai ƙafa huɗu, sai ga kujera da majingini, 'yan mata su shimfiɗa ƙyalle su kwantar da 'yar tsana. Yaron da ya yi wannan ya koyi daidaita ƙafafu da ido tun kafin ya riƙe tef. Yana damuna ƙwarai cewa kayan wasan roba sun kusa kashe wannan makaranta, kuma ba mu ma lura ba.

Abin da za a kwaikwaya kuwa yana nan, sai dai yana ƙarewa. Kujerar tsuguno ta mata da masassaƙi ya fitar da gizago daga gungume ɗaya. Gadon gwangwala. Kujerar hutawa mai yadi da malaman makaranta ke fitarwa ƙofar gida da yamma. Akwatuna da teburan ma'aikatan jirgin ƙasa, tun da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo a 1927. Farar kujerar roba ta kore su zuwa bayan ɗaki, inda gara da ruwan damina ke raba su. Ba na jin akwai amfani kafintan Madakiya ya ɓata lokaci yana kwaikwayon kujerun sarakunan Faransa da bai taɓa gani ba. Ɗakin kakarsa ya fi shi sani, kuma ba wani a duniya da zai ƙera shi in bai ƙera ba. Baƙi na zuwa ganin ruwan Matsirga a nan kusa, su ɗauki hoto su tafi. Da ɗan ɗakin ƙabilar Bajju na dā cikin akwatin gilashi, da gadonsa da tulunsa da kujerarsa, wani zai so ya tafi da shi, makaranta ma za ta so ta ajiye.

Injin yankan katako na zamani zai iya fitar da gutsattsarin cikin mintuna, kamar yadda injin surfen acca da Sanoussi Diakité ɗan Senegal ya ƙirƙiro a shekarun 1990 ya rage wa mata daka. Amma mai girki mai kula har yanzu takan wanke ta duba kafin ta zuba a tukunya, kuma haɗawa da gogewa da sa launi suna nan suna jiran hannu.

Kayan farawa ba su da yawa: siririn zarto, reza, hantsaki, samfefa mai laushi, gam, da guntayen katakon da ake kwashewa daga shagon kafinta a kai wa masu tuya. Kafin duk wannan, sai mutum ya ɗauki tef da littafi ya shiga gidajen tsofaffi. Ya gaida Mama, ya nemi izini, ya auna tsayin kujerarta da faɗinta da kaurin ƙafa, ya zana inda ta lotsa, ya tambaye ta sunan itacen da wanda ya sassaƙa, domin sau da yawa ita kaɗai ta rage da ta sani.