Injiniyan da Ba Ya Zuwa Shago

A shagunan sari na Kano da Kaduna, da ƙananan asibitoci da makarantun kuɗi, akwai wani ma'aikaci da sunansa ba ya cikin takardar albashi, amma lambar wayarsa tana manne a jikin kwamfutar kashiya. Injiniya ake ce masa, ko da bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Idan firinta ta ƙi fitar da rasit, ko manhajar lissafi ta ƙi buɗewa ga masu saye a tsaye, shi ake nema. Da can sai ya hau babur ya zo. Yanzu cewa yake yi, "Buɗe AnyDesk ki karanto min lambar." Kashiya ta karanto lambobi tara ko goma, wani ɗan akwati ya fito yana neman izini, ta danna, sai ta janye hannu ta zuba ido. Kibiya na yawo a fuskar kwamfuta ita kaɗai, ta buɗe nan ta rufe can. Shi kuwa gogan yana Zoo Road ko Farm Centre, wataƙila ma yana cikin Adaidaita Sahu da laftof a cinya.

Manyan kayan aikinsa biyu daga Jamus suka fito: TeamViewer, wadda aka fara a 2005, da AnyDesk ta birnin Stuttgart, ta 2014. Da su yake shiga kwamfutar mutum daga nesa. Sai kuma manhajojin da ke haɗa ma'aikata a kan aiki ɗaya, irin su Google Workspace, wadda ake kira G Suite har zuwa 2020, da Microsoft 365 mai ɗauke da Teams tun 2017. Sun daɗe a duniya, amma kullen korona na 2020 ne ya cusa su a ofisoshin da a da ba su san da zamansu ba.

Yawancin masu sana'ar ba a aji suka koye ta ba. Wani daga gyaran waya ya faro, wani a kafe ya tashi yana cike wa ɗalibai fom, wani a cibiyar jarrabawar JAMB ya koyi haɗa kwamfutoci da yawa a layi ɗaya. Yaro kan fara da goge kwamfuta da sa mata Windows, ya koyi matse kan wayar intanet, sannan maigidansa ya fara aika shi. Akwai masu takardar kwalejin fasaha, kuma takardar na da amfani. Sai dai abin da ke raba gwani da ɗan koyo ba a rubuta shi a kowace takarda ba.

A ɗauki Alhaji mai shago uku da sito ɗaya. Yana zuwa Guwanzu ko Dubai saro kaya, yana tafiya Umara, kuma duk inda yake yana son sanin abin da aka sayar yau. Kafin a kira Injiniya, tsarin shi ne kowane shago ya cike Excel da yamma ya tura ta WhatsApp. Kafin mako ya zagayo an tara kwafi biyar na takarda ɗaya, kowanne da nasa jimillar, ba wanda ya san na gaskiya. Gyaran ba shi da wuya: a ɗora takarda guda a ma'ajiyar intanet, kowa ya riƙa rubutu a cikinta. Aikin rabin awa ne. Daga nan ne wahalar ke farawa, domin manhajar za ta tambaya: wane ne zai duba kawai, wane ne zai iya canzawa?

Tambayar ba ta kwamfuta ba ce, ta cikin gida ce. Manajan shago na biyu ɗan wan Alhaji ne. Shin zai ga farashin da aka saro kaya, ko na sayarwa kaɗai? Mai kula da sito ya shekara ashirin a gidan, tun ana rubutu a littafi. Za a hana shi gyara adadin dilolin da ya shigar jiya? Ga kuma abin da ke ɗaga hankalin yaran shago: takardar tana ajiye tarihin duk canjin da aka yi, da sunan wanda ya yi, da lokacin. Wanda ya mai da 40 ta koma 36 da ƙarfe goma na dare, sunansa na nan. Shi ya sa ba kowa ke murna da zuwan Injiniya ba, kuma idan aka ce "wannan abin ba ya yi," sau da yawa ba manhajar ce ta ƙi ba. Gwani yakan gane haka. Yakan keɓe da maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin in taɓa komai, faɗa min wanda ka yarda ya ga me." Ɗan koyo kuwa sai ya ba kowa cikakken iko don a daina kiransa, ya tafi.

Batun kuɗi ma da nasa ciwon kan. Waɗannan manhajoji haya ake yi, kowane ma'aikaci da kuɗinsa duk wata, kuma farashin yawancinsu bin dala yake yi. Da gwamnati ta saki Naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a hukumance ƙasa da Naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Lasisin bai canza ba, amma kuɗinsa a Naira ya ninka fiye da sau uku. Sai dabaru suka yawaita: mutum shida a asusu ɗaya da kalmar sirri ɗaya, ko Office na sata, ko amfani da nau'in kyauta na manhajar shiga daga nesa, wanda don amfanin kai aka yi shi, kuma yakan yanke mutum ana tsakiyar aiki idan ya zargi kasuwanci ake yi da shi. Ban ga laifin mai neman sauƙi ba a wannan zamani. Amma asusu ɗaya na mutum shida ya rushe abin da aka sayi manhajar dominsa, tunda duk wanda ya taɓa lissafi suna ɗaya zai fito.

Shi kansa Injiniya karɓar haƙƙinsa sai da jan hali. Mai gyaran janareta ana ganin baƙin mai a hannunsa. Wanda ya gyara daga nesa cikin minti bakwai, abin da yake ji shi ne, "Ai ba ka ma zo ba." Masu wayo sun koma yarjejeniyar wata-wata: ko an kira ko ba a kira ba, ga abin da za a biya.

Sannan duk ƙwarewarsa, ba zai shiga kwamfutar da ke kashe ba. In an ɗauke wuta kuma inbata ta mutu, ko data ta ƙare, to sai dai babur. Don haka rabin shawararsa ta batir ce da sola da layin waya biyu na kamfanoni daban-daban. Masu hali sun sa Starlink, wadda ta fara aiki a Najeriya a farkon 2023. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ofisoshi da bankuna suka shiga tasku. Wanda Injiniyansa ya bar masa kwafi a cikin kwamfuta ya ci gaba da ciniki.

Inda sana'ar ta fi nauyi shi ne ƙofar da ake bari a buɗe. Don kada ya riƙa jiran a danna masa izini, Injiniya kan saita kwamfutar yadda zai shiga ko ba kowa a wurin, ko da tsakar dare ne. Wato makullin shago ne aka ba shi, har da na durowar kuɗi. Idan kalmar sirrin lambar wayar shago ce, ko 123456, to ba shi kaɗai ke da makullin ba. 'Yan kutse na bin intanet suna laluben kwamfutocin da aka bar ƙofar Remote Desktop ta Windows a buɗe, mai lamba 3389. In sun samu sai su kulle duk bayanan su nemi kuɗin fansa. 'Yan damfara kuma kan bugo waya da sunan banki, su lallaɓi mutum ya sa manhajar da hannunsa ya karanto musu lamba. Kamfanin AnyDesk kansa ya sanar a watan Fabrairun 2024 cewa an kutsa cikin na'urorinsa. Ga asibiti ko makaranta abin ya wuce asarar kuɗi, domin tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, da hukumar NDPC mai sa ido a kanta.

Amma rigimar da ta fi yawa ba ta ɓarayi ba ce. Ranar da aka buɗe asusun kamfani, Alhaji na sauri, sai Injiniya ya sa imel ɗinsa da lambar wayarsa a matsayin mai cikakken iko. Shekara biyu lafiya lau. Sai aka saɓa kan kuɗi, ko ya samu aiki a Abuja, ko wayarsa ta ɓata, ko rai ya yi halinsa. A ranar ne maigida zai gano cewa imel ɗin kamfaninsa da lissafin shekara biyu suna hannun wani, kuma lambar tabbatarwa wayar wani take zuwa. Google da Microsoft ba su san Alhaji ba. Wanda ke riƙe da asusun suka sani, kuma dawo da shi sai an yi ta rubuce-rubuce da kawo hujjoji. Masu sana'ar da suka san ciwon kansu tun ranar farko suke buɗe babban asusu da sunan mai dukiya da layinsa, su rubuta kalmar sirri su miƙa masa a ambulan, su yi wa kansu ƙaramin asusu da za a iya rufewa duk ranar da aka rabu. Haka ma idan an sallami yaron shago: a karɓi makulli, a kuma bugo wa Injiniya ya cire sunansa a ranar. Na farkon ba a mantawa. Na biyun kuwa, akwai shagunan da wanda ya bar aiki tun bara har yau yana ganin cinikin kowace yamma a wayarsa.