Ciwon Ƙugu: Sanadinsa, Haɗarinsa da Maganinsa

Ciwon ƙugu, ko ciwon kwankwaso, shi ne zafi ko ƙagewar da ake ji a ƙasan baya, tsakanin ƙarshen haƙarƙari da mazaunai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da shi a shekarar 2020, kuma adadin zai iya kai miliyan 843 a 2050 saboda yawan jama'a da tsufansu. Babu wata larura a duniya da ta kai shi kassara mutane da hana su neman abinci. Ya fi yawa a tsakanin 'yan shekara 50 zuwa 55, mata kuma sun fi maza kamuwa da shi.

Ƙashin baya jerin gaɓoɓi ne guda 33: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 kuma sun manne da juna a can ƙasa. Biyar ɗin nan na ƙugu su ne mafi kauri, domin su ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai faifan guringuntsi, bayansa da tauri, cikinsa da laushi da danshi, yana aikin da gammo ke yi tsakanin kai da kaya. Laka tana bi ta wani rami a cikin jerin, jijiyoyi kuma suna fitowa ta gefe-gefe su gangara ƙafafu, da mafitsara, da dubura. Tsokoki da jijiyoyin ɗauri ne suka riƙe ginin duka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya zama tushen zafi.

Sai dai a cikin kowane mutum 10 masu ciwon, kusan 9 ba a iya nuna takamaiman abin da ya lalace. Wannan magana ba ta yi wa majiyyaci daɗi, domin kowa ya fi son a ce masa ga abin da ke damunsa. Shi ya sa da yawa suke matsa wa likita a yi musu hoto. Hoton kuwa yakan ƙara ruɗa al'amari. Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara hotunan bayan mutanen da ba su jin ciwon komai, ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifansu ya soma zaizayewa, a 'yan shekara 80 kuwa abin ya kai kashi 96. Zaizayewar faifai, ke nan, tafe take da shekaru, ba lalle ba ne ita ce ke kawo zafin. Mutumin da aka nuna wa hoto aka ce ƙashin bayansa ya goge yakan tsorata ya daina motsi, rashin motsin kuma ya fi gogewar illa.

Abubuwan da ke jawo ciwon sanannu ne. Akwai yawan sunkuyo, irin na manomi a bakin kunya da fartanya, ko macen da ke shara da gajeriyar tsintsiya, ta koma wanki a duƙe, ta tashi da goyo. Akwai ɗaukar nauyi: buhun siminti kilo 50 ne, jarkar ɗan garuwa mai lita 25 kuma kilo 25 ce, kuma abin da ya fi cutarwa shi ne a sunkuya a ɗaga sannan a murɗa jiki da kayan a hannu. Akwai dogon zama da jijjiga, wanda direban tirela da ɗan acaɓa suka sani, da zaman tela a kan keke tun safe har magariba. Shan taba, da ƙiba, da juna biyu, da rashin barci, da damuwa duk suna ƙara yiwuwar ciwon ko su tsawaita shi.

A ƙasar Hausa an saba ɗora laifin ciwon baya a kan basir ko sanyi, masu tallar magani a kasuwa da tasha kuma suna ƙara wa zancen ƙarfi da lasifika. Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, ba ya taɓa ƙashin baya. Abin da ke sa a yarda da maganin shi ne yawancin ciwon ƙugu yana lafawa da kansa cikin mako 6, ko an sha wani abu ko ba a sha ba, sai a ba jiƙo ladan da ba nasa ba.

Wani lokaci cikin faifan yakan ɓullo ya danne jijiya. Sai zafi ya taso daga mazaunai ya bi bayan cinya har tafin ƙafa, yawanci ƙafa ɗaya, tare da sagewa ko jin kamar ana tsira allura. Tari da atishawa suna tsananta shi. Ya fi faruwa a faya-fayai biyu na ƙarshen ƙugu. Yana da azaba, amma mafi yawan masu shi suna warkewa ba tare da an yi musu aiki ba, domin jiki yakan tsotse abin da ya ɓullo a hankali cikin watanni.

Kaɗan ne daga cikin masu ciwon ƙugu ke ɗauke da cuta mai haɗari, amma sanin alamunta ya fi komai muhimmanci. Wanda fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suke zubo masa bai sani ba, ko ya ji tsakanin cinyoyinsa da matuci sun mutu, ko ƙafafunsa suna ta raunana, to jijiyoyin ƙasan laka ne suka matsu. Wannan ba ya jiran gobe: jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya barin mutum da nakasa har abada. Ciwon da ya zo da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, yana iya zama tarin fuka ne ya shiga ƙashi, cutar da likitan Ingila Percivall Pott ya yi bayaninta a 1779. Tana cin gaɓoɓi har su rufta a sami ƙusumbi, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa. Makiyaya da mahauta da masu shan madarar da ba a dafa ba suna iya ɗaukar cutar burusela daga dabbobi, wadda ita ma takan sauka a ƙugu. Mai sikila ciwonsa yakan tashi a baya. Dattijon da ciwo ke hana shi barci, ba ya sauƙi ko ya kwanta, ga wahalar fitsari, a duba shi saboda sankarar mafitsara. Haka macen da ta taɓa yin sankarar mama. Zafi a kwiɓi da zazzaɓi da fitsari mai raɗaɗi ya fi kama da ciwon ƙoda. Tsohuwar da ta ɗan zame sai baya ya riƙe, ƙila ƙashi ne da ya yi rauni ya tsage. A irin waɗannan ne hoto da gwajin jini suke da amfani, a asibiti irin na Ƙashi da ke Dala a Kano ko makamancinsa.

Idan babu ko ɗaya daga cikin alamun nan, magani na farko shi ne motsi. A da likitoci kan ce a kwanta a huta. Yanzu an tabbatar cewa kwanciyar da ta wuce kwana ɗaya ko biyu tana sa tsoka ta saki, gaɓoɓi su ƙage, jinya ta yi tsawo. A ci gaba da harkoki gwargwadon iko, a rage nauyin aiki ba tare da an daina ba, a riƙa tashi ana takawa bayan an ɗan zauna. Gashi da ruwan ɗumi a tawul yana sassauta tsoka. Mai kwanciya ta gefe ya sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, mai rigingine ya sa a ƙarƙashinsu.

Batun ƙwayoyi kuwa sai an yi hattara. Wani gwaji da aka yi a Ostareliya, aka wallafa a mujallar Lancet a 2014, ya nuna cewa farasitamol bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta saurin warkar da sabon ciwon ƙugu ba. Ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma na ɗan gajeren lokaci ake shan su, bayan an ci abinci, domin suna jawo gyambon ciki kuma suna lahanta ƙoda. Mai olsa, da mai hawan jini, da mai juna biyu kada su sha sai da izinin likita. Tramadol da danginsa ba su da hurumi a nan. Wani gwajin na 2023 ya nuna magungunan wannan dangi ba su fi ƙwayar banza amfani ba, ga kuma jarabar da suke sakawa, wadda ba sai an yi wa kowa bayaninta a Arewa ba. Haɗin da ake ƙulla wa leburori a leda a wasu kemis yakan ƙunshi dexamethasone, wanda yawan shansa ke sa ƙashi ya yi rauni, sukari da jini su hau.

Ciwon da ya haura wata 3 ya zama daɗaɗɗe, kuma a lokacin ba ƙugu kaɗai ake dubawa ba. Jijiyoyi sukan saba da aika saƙon zafi ko bayan wurin ya warke, tsoro da baƙin ciki kuma suna rura shi. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko a kan irin wannan ciwo. Ta amince da wayar da kan majiyyaci, da atisaye, da tausa, da wasu ayyukan likitocin gashi, da zama da masana halayyar ɗan Adam. Ba ta amince da ɗamarar ƙugu ba, ko jan ƙashin baya da na'ura. Ƙaho yana iya kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma ba ya gyara faifai, askar da ba a tsabtace ba kuma tana yaɗa ciwon hanta. Tiyata ta waɗanda jijiyarsu ta matsu har ƙafa tana mutuwa ce, ko waɗanda zafin ƙafa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa bayan watanni ana magani.

Ciwon ƙugu yakan dawo, sau da yawa kafin shekara ta zagayo. Hanyar rage hakan ita ce ƙarfafa tsokokin ciki da na baya, da ɗaga kaya da ƙarfin gwiwoyi, kayan na manne da jiki, da raba babban kaya gida biyu, da ƙara wa tsintsiya da fartanya tsawon ƙota inda zai yiwu. Tafiyar ƙasa ma tana da rawar takawa. A wani gwaji na 2024 a Ostareliya, wanda ya ƙunshi mutum 701 da ba su daɗe da warkewa ba, waɗanda aka ɗora a kan tsarin tafiya a kai a kai sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya sake kayar da su, waɗanda ba a ɗora ba kuwa kwana 112.