Silsilar Da Ba Ta Da Wutsiya: Daga Adashin Beji Zuwa Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya bi hanyar Minna zuwa Zungeru ya yada zango a Beji ranar kasuwa, ya zauna a rumfar masu doya, da wuya bai ji zancen adashi ba: wance ta kwasa, saura wance, har a kai ga ta ƙarshe, sa'an nan kwasa ta komo kan wadda aka soma da ita. To, wannan tartibi da uwar adashi ke riƙe da shi a ka, shi ne ainihin mas'alar da ɗaliban ilmin kwamfuta ke nazari a irin su Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983.

Asalin al'amarin kuwa, tsakanin 1955 da 1956 waɗansu masana uku a Amurka, Allen Newell da Cliff Shaw da Herbert Simon, suka fito da hikimar ajiye bayanai gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa tana ɗauke da abu biyu: bayanin da aka ba ta amana, da adireshin gaɓar da ke biye da ita. A silsila miƙaƙƙiya gaɓar ƙarshe ba ta nuna kowa, amma idan aka sa ta nuna ta farko, sai silsila ta zama da'ira, wadda duk inda aka kama ta za a iya kewaye ta baki ɗaya.

Fa'idar wannan tana bayyana ne a duk inda ake yin abu bi da bi. Kwamfutar da ke riƙe da ayyuka da yawa takan ba kowanne ɗan taƙaitaccen lokaci, ta wuce ga na gaba, ta sake zagayowa, kuma manhajar Linux ta dogara ƙwarai da irin wannan da'ira, mai nuni gaba da baya. Kamar dai a adashi, idan sabuwar mai zubi ta shigo, ba sai an tashi kowa daga matsayinsa ba. Sharaɗi ɗaya ne, a fara ɗaura sabuwar gaɓa ga wadda za ta biyo bayanta kafin a kwance tsohon ɗauri, domin wanda ya saɓa wannan ƙa'ida yana iya ɓatar da adireshin sauran silsilar.

Amma babbar fitinar da'ira ita ce rashin iyaka, gama umurnin da ya ce "ci gaba har ƙarshe" ba zai taɓa tsayawa ba, sai na'ura ta yi ta kewaye har ta sanƙare. Maganin wannan yana hannun kowane mai lazimi, domin wanda ya ƙera carbi ya san ƙwayoyi 99 a zare ɗaya ba su da farko, shi ya sa ya sanya limami, wanda in yatsa ya taɓa shi mai tasbihi ya san ya cika. Haka mai rubuta manhaja yake alamta gaɓar da ya soma da ita, ya tsaya idan ya komo kanta.

Saboda haka ɗan Beji da ya shiga ajin kwamfuta kada ya ɗauki wannan ilmi baƙo, domin tun yana goye ya ga mahaifiyarsa tana lissafinsa a adashi, ya ga kakansa yana jan sa a carbi bayan sallar asuba.