Me ya sa masu kallo ke tsoma baki a wasannin rana na Amurka?

A Amurka, wasannin kwaikwayo masu dogon zango da ake nunawa da rana sun daɗe. General Hospital ya fara a 1963, Days of Our Lives a 1965, The Young and the Restless a 1973. Akwai wadda ta gaji kallon daga kakarta, don haka ta san tarihin 'yan wasan fiye da sabon marubuci.

Ƙorafin masu kallo na farko yakan faɗa ne kan babban marubuci. Da zarar an sauya shi, hali yakan sauya: mutumin kirki ya wayi gari mugu, wanda aka binne ya dawo da rai, jaririn bara ya zama saurayi. A ƙarshen 1994 babban marubuci James E. Reilly ya sa shaiɗan ya shiga jikin wata mai suna Marlena a Days of Our Lives. Wasu suka ce an ɓata wasan, amma masu kallo sun ƙaru.

Na biyu kuwa kan ba da umarni ne. Ana fitar da kashi biyar kowane mako, lokacin gwaji kaɗan ne. Sai ka ga mutum biyu a falo ɗaya, kyamara na kai da komo tsakanin fuskokinsu, babu fita waje.

Shin ana sauraren masu kallon? Ana yi, amma a makare, domin ana ɗaukar wasan makonni ko watanni kafin a nuna shi. Duk da haka kokensu na da nauyi, tunda da su wasan ke rayuwa. Raguwar masu kallo na cikin dalilan da tashar ABC ta soke wasan All My Children a 2011.