Tsiro a saifa: yaya likita ke gane irinsa?

Yau za mu leƙa saifa, 'yar tsokar nan mai nauyin kamar giram 150 da ke ƙarƙashin haƙarƙarin hagu tana tace jini.

Bahaushe, ko a Kano yake ko cikin 'yan'uwanmu da suka tashi a birnin Makka, da ya ji saifa ta kumbura sai ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ko sikila. Galibi kuwa haka ɗin ne. To amma jifa-jifa akan samu tsiro daga hanyoyin jinin saifar, wanda ba kansa ba ne. Wanda aka fi gani shi ne hemanjiyoma. Akwai kuma wani mai wuyar samu, litoral sel anjiyoma, da Falk da abokan aikinsa suka fara bayaninsa a 1991.

Yawanci ba ya ciwo. An je hoton ciki ne don wata lalurar, sai a gan shi, sau da yawa ƙulu-ƙulu barkatai. Wani kuma ƙarancin jini ne zai kai shi asibiti.

Nan fa gizo ke saƙar. Hoton CT ko MRI zai nuna tsiron, amma ba lalle ya bambanta shi da kansa ba. A sa allura a ɗebo ɗan nama? Ana yi, sai dai saifa jaka ce ta jini, likita na tsoron ɓallewarsa. Shi ya sa sau da dama sai an cire ta an duba a madubin likita, a ga alamomin CD31 da CD68 tare, sannan a tabbatar. Kuma da yake an sha samun wannan tsiro tare da kansar hanji ko ta ƙoda, kada ku yi mamaki in likita ya ci gaba da bincike.

In an cire muku saifa, ku kula, garkuwarku ta ragu, musamman gaban ƙwayoyin sanƙarau da na ciwon huhu. A Makka wannan ba wasa ba ne: sanƙarau ya ɓarke a aikin Hajjin 1987, ya sake a 2000 da 2001. Don haka a yi allurar rigakafi, in son samu ne mako 2 kafin tiyata, kuma ko zazzaɓi kaɗan kuka ji, ku nufi asibiti a ranar, ku gaya wa likita ba ku da saifa.