Agogon da ba ya barci da inuwar da ke kwana a fuskar waya

Wani ƙanina ya sayi waya ta hannu kwanan baya, irin wadda ake cewa daga Turai ta zo. Jikinta sumul, babu ko ƙwarzane, batirinta yana riƙe caji, hotonta tar. Sai da ya kwana biyu da ita, ya buɗe wani shafi fari fat zai yi karatu, sannan idonsa ya kai ga abin. A ƙasan fuskar wayar akwai inuwar haruffan rubuta saƙo, layi bisa layi, kamar an zana su da ruwan shayi. A sama kuma ga alamar batir da ta sabis sun zauna daram ba tare da an kira su ba. Ya goge da gefen riga, ya kashe ya kunna, ya share komai ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Inuwa tana nan. Mai gyara ya ce masa sikirin ne ya ƙone, kuma ba shi da magani sai sauyi.

Da ya zo mini da maganar, tambayarsa ɗaya ce: "Yaya, ko agogon nan da ke kunne dare da rana ne ya jawo?" Yana nufin tsarin nan da ke barin lokaci da kwanan wata da alamar saƙonni suna haskawa a dusashe ko da wayar na kulle. Mutane da yawa suna da wannan zargi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Amma na ce masa ya sake duba inuwar da kyau. Agogo ya gani a ciki, ko haruffan rubutu?

Fuskar waya iri biyu ce a kasuwa. Akwai LCD, wadda fitila ɗaya ce shimfiɗe a bayanta, gabanta kuma ƙananan tagogi ne da ke buɗewa da rufewa don haske ya wuce ko a tare shi. Ko baƙi ake nunawa, fitilar tana kunne. Akwai kuma OLED, wadda wasu kamfanoni ke kira AMOLED, inda babu fitilar baya ko kaɗan. Kowane ɗigo shi ne fitilar kansa. Fuska mai ɗigo 1080 a faɗi da 2400 a tsawo tana da ɗigo kusan miliyan 2.6, kuma kowanne ya ƙunshi ƴan ƙananan fitilu masu launin ja da kore da shuɗi. In ana son baƙi, sai kawai a kashe su. Masana biyu, Ching Tang da Steven Van Slyke, su suka fito da irin wannan fitila mai aiki a kamfanin Kodak na Amurka a shekarar 1987, sai dai ta ɗauki shekaru kafin ta iso aljihunmu.

Wannan ne ya sa agogon da ba ya mutuwa ya yiwu ba tare da ya shanye batir cikin sa'o'i kaɗan ba. Ɗigon da suka zana lambobin ne kawai ke cin wuta, sauran duk suna barci. Nokia ta yi haka tun a wayarta N8 ta 2010. Samsung ta yaɗa shi da Galaxy S7 a 2016. Apple ta jira har 2022, lokacin iPhone 14 Pro, bayan ta samu fuskar da ke iya rage sabunta hoto zuwa sau ɗaya a daƙiƙa maimakon sau 60 ko 120. Yau ana samunsa har a wayoyin Tecno da Infinix masu matsakaicin kuɗi da suka cika kasuwanninmu.

To ina ƙonewar take? A gaskiya babu abin da ya kama wuta. Fitilun nan an yi su ne da sinadarai masu tsufa. Duk sa'ad da lantarki ya ratsa su suka ba da haske, ƙarfinsu yana raguwa kaɗan, kuma ba ya dawowa. Da a ce duka ɗigon suna tsufa tare, da ba wanda zai lura, sai dai a ce wayar ta ɗan dushe bayan shekaru. Matsalar tana zuwa ne idan wasu sun yi aiki fiye da maƙwabtansu. Ka dubi tabarmar zaure: inda maigida ke zama kullum ya sha bamban da gefen da ba a takawa, ko da rana ɗaya aka saƙa su. Ɗigon da suka shekara suna haska farar alamar batir sun gaji fiye da na kusa da su, don haka idan aka umarci kowa ya ba da fari iri ɗaya, su nasu sai ya fito da duhu-duhu. Abin da ido ke gani a matsayin inuwa ke nan. Wani lokaci ma abin yakan juya. Layin da ya daɗe yana baƙi, kamar gurbin maɓallan ƙasa, shi ne bai tsufa ba, sai ya fito da haske fiye da sauran fuskar.

Shuɗin ɗigo ya fi saurin gajiya, domin haskensa ya fi buƙatar ƙarfi. Shi ya sa tsohuwar fuska ke karkata zuwa ruwan ɗorawa ko ja-ja, shi ya sa kuma masu ƙera ta kan yi shuɗin ya fi girma don kada a matsa masa.

Abu uku ne ke hanzarta wannan tsufa: yawan haske, zafi, da tsawon lokacin da hoto ɗaya ya tsaya wuri ɗaya. Idan aka auna agogon kulle da waɗannan, a na uku kaɗai yake da laifi, kuma ko nan kamfanoni sun yi masa dabara. Haskensa ƙasa-ƙasa ne sosai. Lambobin suna gusawa kaɗan-kaɗan lokaci zuwa lokaci, ta yadda ba ɗigo ɗaya ne ke ɗauke da kayan ba, kuma ido ba ya kama motsin. Wayoyi da yawa suna kashe shi idan sun ji suna cikin aljihu ko jaka. iPhone tana kashe shi idan an kife ta, ko an sa ta yanayin barci, ko yanayin tattalin batir. A ƙarshen 2022, cikin iOS 16.2, Apple ta ba da damar cire hoton bango a bar baƙi da agogo kawai. Ba na cewa haɗarin ya ƙare ƙaf. Wayar da ta shekara huɗu ko biyar da agogo kunne dare da rana tana iya nuna alama, musamman idan mai araha ce wadda ba a kyautata mata waɗannan dabaru ba. Amma wanda ya kashe agogon ya ce ya tsira, alhali yana yini da haske a ƙure, ya bar jaki yana dukan taiki.

Wata cibiyar gwajin kaya a Kanada mai suna RTINGS ta nuna wannan a fili da talabijin. A 2018 ta jera akwatuna shida masu fuskar OLED iri ɗaya, tana kunna su sa'o'i 20 kowace rana, kowanne da abin da yake nunawa. Wanda aka sa wa tashar CNN da haske a ƙure shi ya fi lalacewa, tambarin tashar da layin labarai na ƙasa suka zauna a jikinsa. Wanda ke nuna shirye-shirye masu canzawa bai sha wahala irin haka ba. Fuska ɗaya, sa'o'i ɗaya, bambancin kawai haske da tsayuwar hoto.

A nan ne abin ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashen sanyi, kuma a nan nake so a tsaya a yi tunani. Rana a Kano ko Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu tana wuce digiri 40. Wanda ke tsaye a waje ba ya ganin komai a wayarsa sai haske ya kai maƙura, wayar ma da kanta take ƙure shi. Ka dubi direban da ya maƙala waya a gaban gilashin mota, taswira a buɗe tun safe, rana na dukanta, ga caja a jiki tana ƙara mata zafi. Ka dubi mai shagon tura kuɗi da manhaja ɗaya ke buɗe a gabansa daga hantsi zuwa isha. Ka dubi yarinyar da ke kallon TikTok sa'o'i: bidiyon yana canzawa, amma fararen alamomin nan na gefen dama ba sa motsi. Duk abubuwa ukun sun haɗu a hannunsu lokaci ɗaya. Haka wayar da aka ajiye a shago don nuni, wadda ke yini tana maimaita hoto ɗaya da cikakken haske, sannan daga baya a sayar da ita da rangwame ana cewa ba a taɓa amfani da ita ba.

Kamfanonin ba su ɓoye wannan ba. Da Apple ta fitar da iPhone X a 2017, wayarta ta farko mai OLED, ta rubuta a shafinta cewa irin wannan inuwa tana iya faruwa bayan dogon amfani. A shekarar ne kuma masu Pixel 2 XL suka fara ƙorafi makonni kaɗan da fitowarta, har Google ta tsawaita garantin zuwa shekara biyu, ta kuma sa maɓallan ƙasa su riƙa dushewa idan ba a taɓa su ba. Sai dai ba kowace inuwa ce ta dindindin ba. Akwai wadda ke ɓacewa bayan mintuna idan an canza hoto. A 2023 wasu masu iPhone 15 sun tsorata da irinta, sai ga shi gyaran manhaja na iOS 17.1 ya kawar da ita. Don haka kafin a biya kuɗin sauyi, a ba wayar hutu, a sabunta manhajarta, a sake dubawa.

Idan ta tabbata ta dindindin ce, kada a ɓata lokaci da manhajojin da ke walƙiya da launuka suna cewa suna gyarawa. Ɗigon da ya tsufa ba ya komawa yaro. Iyakar abin da za su iya shi ne su gajiyar da sauran don bambancin ya ragu.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai sayen ta hannu, domin shi ke biyan bashin da wani ya ci. A cikin hayaniyar kasuwa, fuskar waya cike da hotuna masu launi, ba za ka ga komai ba. Ka nemi inuwa, ka buɗe hoto fari zalla, sannan mai ruwan toka, wanda shi ya fi tona asiri, ka rage haske ka ƙara, ka duba sama da ƙasa da gefen dama. Minti biyu ne. Idan kuma sauyi ya kama, ka tambayi mai gyara ƙarara wace iri zai sa. Akwai LCD mai araha da ake ɗora wa wayar da asalinta OLED ce. Za ta yi aiki, amma agogon kulle zai koma cin batir domin fitilar baya ce za ta kwana kunne, kuma na'urar karanta yatsa da ke ƙarƙashin gilashi sau da yawa ba ta sake aiki.

Ƙanin nawa bai sauya tasa ba, kuɗin ya fi ƙarfinsa a yanzu. Ya mayar da bangon manhajojinsa baƙi, inda inuwar ba ta fitowa sosai, ya rage haske, ya sa fuskar ta riƙa mutuwa bayan daƙiƙa 30. Agogon kuwa ya bar shi, sai dai ya saita masa lokaci: yana kashe kansa ƙarfe 11 na dare, ya dawo da kiran sallar asuba.