Haske Shi Ne Gishirin Hoto

'Yan'uwana mata, sau da yawa akan ɗauki hoton amarya ko mai jego a ɗaka, fuska ta fito dishi-dishi, kwalliya duk ta ɓace. Sai a ɗora wa waya laifi, alhali kuwa ƙarancin haske ne. Ga shi ranar biki ba ta dawowa.

Ba sai kin sayi manyan fitilun masu hoto ba. Da hantsi ko bayan la'asar, zaunar da ita kusa da taga, haske ya zo mata ta gefe. Kada taga ta kasance bayanta, sai ta fito baƙi ƙirin. Wata ta riƙe farin zane a ɗaya gefen, zai komo da haske ya kore duhun kumatu.

Da dare kuwa fitila mai caji ta isa. Ɗaga ta sama da kanta kaɗan, ki rataya farin mayafi shara-shara a gaban fitilar don haske ya yi laushi. In ƙwan ɗaki ja ne, kashe shi, gama haske iri biyu yakan ɓata launin fata.

Yarinyar da ta ƙware ta sami sana'a, musamman a gidajen kulle inda namiji ba ya shiga.